Matar Ƙanena ta Gashuwa

Jirgin ƙasa ya sauke ni a Nguru da hantsi, a shekarar da sojojin da suka je yaƙin Bama suke ta dawowa gida. Kafin wannan tafiya ban taɓa wuce Wudil ba. Sunana Hauwa, a lokacin ni bazawara ce mai tuyar ƙosai a gindin Dala, kuma abin da ya fito da ni daga Kano shi ne ƙanena Sule.

Ni na raine shi bayan rasuwar innarmu. Ya koyi ɗinki, ya mallaki keke, da aka ce kasuwa ta buɗe a Nguru saboda jirgi sai ya ɗauki kekensa ya tafi. Da fari saƙonsa ba ya yankewa, yau bandar kifi, gobe kallabi. Daga baya muka ji ya koma Gashuwa har ya yi aure. Sai saƙo ya ɗauke ɗif, shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta. Akwai maƙwabcinmu Tanko mai fataucin fata da ke zuwa can, rannan na tare shi a ƙofar gida na tambaye shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gan shi. Yana nan da ransa. Matar ce ta riƙe shi."

Na ce, "Wace mata?"

Ya ce, "'Yar Badawa ce. Ki dai yi masa addu'a." Ya wuce da sauri.

Iyakar abin da na ji ke nan daga bakin wanda ya gani da ido. Sauran duk a bakin kaskon ƙosai na tsinta. Wata ta ce matan Badawa a cikin ruwa suke binne asirinsu. Wata ta ce idan suka ba namiji romon kifi ko sunan uwarsa ba ya ƙara tunawa. Cikin masu faɗar nan babu wadda ta taɓa shiga jirgi. Na je wurin wani mai magani ya ba ni makari a ƙunshe cikin fata, ya ce in zuba masa a ruwan sha. Na ɗaure shi a ƙugu na kamo hanya.

Tashar Nguru ta ruɗa ni. Raƙuma, buhunan gyaɗa, ƙarnin kifi, ga harsuna iri-iri da ban san kansu ba. Ina tsaye da ƙunshina a ka sai wani mutum mai tsabtar riga ya yi min sallama da Hausar Kano tsantsa. Wallahi sai na ji kamar an yayyafa min ruwan sanyi. Na ambaci Sule tela, ya ce ai tare suka yi zaman rumfa, ya ce in kawo kayan ya kai ni masaukin Kanawa. Na miƙa masa ba tare da na tambayi ko sunansa ba. Muka shiga kasuwa yana gaba ina baya, wani ayarin jakuna ya ratsa tsakaninmu, da suka wuce babu shi babu ƙunshin. Zannuwana, da goro, da daddawar da na yi wa Sule da hannuna, duk sun tafi. Abin da ya rage min sai zanen jikina da abin da ke ƙuguna.

Wata mai tuwo, Gwaggo Laraba, ita ta gan ni ina zagaye wuri ɗaya ina share hawaye, ta kira ni. Bazazzagiya ce da ta daɗe a garin. Ta ce in riƙa yi mata daka da wanke-wanke ina ci ina kwana, har a sami ayarin da za shi Gashuwa, don marka ce, motoci ba sa iya hanyar. Na zauna da ita har hannuna ya yi kanta. Kewar gida takan kama ni da la'asar, lokacin da a Kano nake jiƙa wake. Sai in ga ƙofar ɗakina a idona kamar in miƙa hannu in taɓa.

Duk wadda ta zo taya mu aiki sai na ba ta labarin abin da ya kawo ni. Da farko da "an ce" nake farawa. Ban san ranar da "an ce" ɗin ta faɗi ba. Wata rana muna surfe na ji bakina yana cewa, "Ƙatuwar mace ce, ta girme shi nesa ba kusa ba, ga jan ido kamar garwashi."

Gwaggo Laraba ta dakata da tankaɗe ta ce, "Hauwa, kin taɓa ganinta?"

Na ce, "A'a."

Ta ce, "To a ina kika ga idon nata?"

Matan suka yi dariya. Ni kuwa haushi na ji. Na ce a raina wannan tsohuwa ta daɗe cikin mutanen nan har sun shanye ta ita ma. Haka na rufe maganar, na ci gaba da surfena.

Da ruwa ya ɗan tsagaita na bi wasu fatake masu jakuna. Hanya ce ta rairayi da fadama, wani wuri mu lume har gwiwa, wani wuri ƙaya ta hana mu sakat. Sauro kuwa ko da rana ba ya ɗaga ƙafa. Kafin mu kai Jajimaji zazzaɓi ya rufe ni, ina tafiya ƙasa tana juyawa. Fataken ba za su iya jirana ba, sai madugunsu ya roƙi wata tsohuwa Babarbariya, ana ce mata Ya Falmata, ta ajiye ni a ɗakinta.

Ba ta jin Hausa, ba na jin Barbarci. Abin da na riƙe daga bakinta shi ne "wushe", wato sannu, don ta faɗa min shi ya fi a ƙirga. Ta dafa min ganye ta yi min sirace, ta ɗura min kunun tsamiya da ludayi, in na yi amai ta kwashe ba ta ko yamutsa fuska. Amma da na fara dawowa hayyacina sai na lura da wani abu. Duk sanda za ta fita, sai ta tattara tasarta da duwatsun wuyanta da ɗan akwatinta ta kai maƙwabta. Na tambayi wata maƙwabciyarta da ke jin Hausa. Matar ta yi 'yar dariyar kunya ta ce, "Kada ki damu. An gaya mata mutanen Kano ko allura ba sa bari."

Maganar ta soke ni fiye da ciwon. Ni da ban taɓa ɗaukar tsinken wani ba. Na juya fuska bango ina kuka, ina cewa wannan baiwar Allah ba ta san ni ba, ba ta san gidanmu ba, daga jin sunan gari kawai ta yanke min hukunci. Ina cikin haka sai wani tunani ya taso min, ya zo dab da ni: to ke fa, da matar Sule? Na san ya zo. Sai na yi maza na kawar da shi, na ce ai wannan daban, ni shaida gare ni, Tanko ya gani da idonsa.

Ana gobe zan tafi, Ya Falmata ta fita ɗiban ruwa ta bar komai a inda yake, har akwatin a buɗe. Da ta dawo ba ta ko kalli wajen ba. Ta ciro wani zane baƙi na saƙi ta yafa min, ta riƙe hannuna tana ta magana da harshenta. Ban ji ko kalma ba, amma na gane ta sauya shawara a kaina, ita kaɗai, ba wanda ya yi mata wa'azi.

Na shiga Gashuwa ranar kasuwa. Na nufi rumfunan maɗinka na tambayi Sule Bakano. Sai na ga suna kallon juna. Wani dattijo ya tsayar da kekensa ya ce, "Ke wace ce tasa?" Na ce yayarsa. Ya ce, "Allah sarki. Bi nan har ƙarshen gari, wajen kogi, gidan da ke shi kaɗai."

Gidan zana ne, hayaƙi yana tashi daga ciki. Na yi sallama na shiga da ƙirjina a cike, na shirya maganganun da zan faɗa tun daga Kano. Wadda na tarar wata 'yar siririyar yarinya ce, ba ta kai ni kafaɗa ba, tana juya kifi a kan banda, hayaƙi ya sa idonta hawaye. Na ɗauka 'yar aiki ce. Ta dube ni, ta saki abin da ke hannunta, ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Yaya Hauwa ce. Goshinku ɗaya." Ashe ita ce matar Sule, sunanta Aisa. Hausarta a karye take, takan mai da mace namiji, amma ana ganewa. Ta ruga ta kawo ruwa a sabuwar ƙwarya. Maƙogwarona a bushe yake kamar ƙasa, amma na tuna da romon kifi, na kau da kai.

Na ce, "Ina kika kai min ƙane?"

Ta ajiye ƙwaryar a hankali ta nuna min wata rumfa a bayan ɗaki.

Yana zaune a kan tabarma, ya cusa hannuwansa cikin riga. Muryarsa na fara ganewa kafin fuskarsa. Girarsa ta zube, fatar goshinsa ta yi kauri, ƙafafunsa a naɗe da tsumma. Da ya yunƙura zai gaishe ni sai hannu ɗaya ya fito, na ga abin da ya rage na yatsun da suke zura zare a allura. Kuturta ce.

Na taho da gudu zan rungume shi, sai ƙafata ta tsaya da kanta. Tsakanina da shi bai fi tsawon tabarma ba, amma na kasa ƙarasawa. Ya gani. Ya yi murmushi ya ce, "Tsaya daga nan, Yaya. Ba komai. Kowa ma a nan yake tsayawa." Sannan ya ce, "Na roƙi Tanko don Allah kada ya gaya miki. Na fi so ki ce na yi butulci da ki gan ni haka."

Wani zai zaci a nan na farka. Ban farka ba. Abin da na taho da shi daga Kano ya yi min nisan tafiya da yawa, ban iya yar da shi a rana ɗaya ba, sai na sauya masa kama. Na ce ashe abin nata ya wuce mallaka, ita ta sa masa ciwon. Ai mun sha ji cewa kifi da nono in sun haɗu a ciki kuturta suke kawowa, ga shi gidan ba abin da ake ci sai kifi. Duk abin da ta yi sai na sama masa wata fassara. In ta wanke masa ƙafa da ruwan ɗumi, na ce tsoron idona take. In ta hana shi matsawa kusa da murhu, na ce juya shi take kamar bawa. Na ware tukunyata ina dafa nawa ni kaɗai, tana gaishe ni ina amsawa a daƙile.

Wata safiya ta tafi kogi karɓo kifi wurin masunta. Na kwance ƙunshin fatar nan, na zazzage garin a ƙwaryar da Sule yake sha, na motsa da tsinke. Ina ɗagowa na gan ta tsaye a bakin zana da kwando a ka, ashe mantuwa ta yi ta dawo. Ta ɗauki abin da ta manta ta fita. Na wuni ina jiran faɗa, har ina so a yi shi, don in sami abin kamawa.

Da azahar ina zaune a inuwa sai ta zo ta durƙusa a gefena, ta yi ƙasa da murya don kada ya ji. Ta ce, "Yaya, maganin da kika zuba masa da safe. Na san kin sha wahala kafin ki samo shi. In na ciwon nan ne, ki nuna min yadda ake yi, in ci gaba da ba shi bayan kin tafi. Ni duk wanda na sani na gwada."

Na dubi fuskarta ina neman alamar gatse. Babu. Jira take in koya mata. Na ji kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Na ce mata ya ƙare, na tashi na bar wurin.

Duk da haka ban saki ba. Na sami Sule shi kaɗai na ce ya shirya mu koma gida, na ce ƙasar nan da abincinta da matar nan su suka mai da shi haka. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Yaya, kin tuna wani farin tabo a gadon bayana, tun ina koyon ɗinki? Wanda kika ce ƙyasfi ne, kina shafa min man kaɗe?"

Na tuna. Na tuna har da ranar da na tsikare shi da tsinke a wurin ina wasa, ya ce bai ji ba, muka yi dariya.

Ya ce, "Shi ne wannan. Daga Kano na zo da abina. Aisa lafiyayye ta aura a ganinta, damina ɗaya muka yi abin ya bayyana. Masu kawo ɗinki suka gudu, keken ma na rabu da shi. Danginta sun yi sun yi ta fita, ta ƙi. Murhun da kike gani tana kore ni, don ba na jin zafi ne, sai in ƙone ban sani ba. In kina son ki tafi da ni, ki fara gaya min wa zai yi min wannan a Dala."

Ba dai ni ba. Ni da ko tabarmarsa ban iya takawa ba.

Na fita na gangara bakin kogi na zauna a kan wani kwale-kwale da aka kife. Masunta suna gyaran komar kamun kifi, mata suna wanki suna hira da harshen da na ce na matsafa ne, wata tana yi wa ɗanta faɗa kamar yadda kowace uwa take yi. Na shiga ɗauko abubuwan da na sani game da Aisa ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar kaina a ina na samo. Jan ido, ni na ƙera shi a gindin turmi. Asirin cikin ruwa, daga matar da ba ta san hanyar tasha ba. Da na gama tsincewa ba abin da ya rage sai maganar Tanko: matar ce ta riƙe shi. Na maimaita ta a bakina, sai na ji ta yadda ya faɗe ta. Haka muke cewa wane ne ya riƙe marayu, wance ce ta riƙe gidan. Gaskiya mutumin ya gaya min, iyakar wadda alkawari ya bar shi ya faɗa. Ni ce na zaɓi ma'anar da ta fi min daɗi, don ya fi min sauƙi a ce wata ce ta ƙwace min shi da a ce shi ne ya daina nemana. Na kwance fatar daga ƙuguna na jefa a ruwa. Na daɗe a wurin, don ban san da wace fuska zan koma gidan ba.

Na same ta tana fasa itace. Na ce, "Aisa, maganin nan ba na ciwo ba ne. Na raba ki da shi ne. Tun daga Kano nake cewa ke mayya ce, na faɗa a Nguru, na faɗa a hanya. Ki yafe min."

Ta ajiye gatarin. Ta sunkuyar da kai. Da ta ɗago sai ta ce, "Ya yi min zafi, Yaya. Ranar da kika ƙi ruwana ma ya yi min zafi." Ta goge fuska da gefen zane. "Amma ni ma ban raga muku ba. Kullum cewa nake danginsa mutanen banza ne, sun ji labari sun yar da shi. Ban san shi ya ɓoye ba sai da kika zo. Kuma kada ki ɗauke ni waliyyiya. Na taɓa tafiya. Na gaji, na ji tsoro, na koma gidan babana na ce na gama. Ina can ina cin abinci sai na ce, yanzu wa ya hura masa wuta? Da na dawo na tarar ya gwada dafa wa kansa, hannun nan na dama ya ƙone har yana wari bai sani ba. Yatsun da kika ga babu, biyu a tafiyata suka tafi. Tun ranar ban ƙara zancen fita ba."

Ban koma Kano ba sai da aka yanke shinkafa, kuma ni kaɗai na koma, don Sule a ɗakinsa ya zauna har ƙarshen kwanansa. A watannin nan na koyi banda, na koyi naɗa masa ƙafa, na tuya musu ƙosai a bakin kasuwa. Amma abin da ya fi zauna min a rai shi ne abincin yammacin ranar da na nemi gafararta.

Ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kifi, ta zuba nawa daban kamar kullum, ta ɗauki akushinsu ta nufi rumfa. Takan ɗaura masa cokalin itace a hannu da tsumma, su ci tare. Na bar nawa a rufe, na wanke hannu, na bi ta. Na taka tabarmar na zauna har gwiwata tana taɓa tasa.

Sule ya ce, "Yaya, ba sai kin yi haka ba."

Na ce, "Matsa min akushin."

Ba zan yi ƙarya ba, ra'ayina ya sauya amma tsoron yana nan. Haka na sa hannu a cikin tuwon na kai lomar farko baki. Ba wanda ya kalle ni a cikinsu. Sule ya sunkuyar da kai yana ci, hawaye yana ɗiga a kan cokalinsa. Aisa ta ɓare tsokar kifin ta tura gabana ta ce, "Akwai ƙaya, Yaya. Ki ci a hankali."